Kunyar Kwanar Jumare

Jumare bai roƙi kowa ya sa wa kwanar nan sunansa ba. Gonarsa ce kawai ta faɗo a cikin gwiwar hanya, inda titin da ya taso daga Makarfi yake karyewa ya nufi Ikara, mil ɗaya kafin a shiga ƙauyen Tudun Gawo. Direbobi ba su da lokacin tambayar asali. Sun ga mutum kullum a duƙe a wurin da fartanya, sun ji ana ce masa Jumare, shi ke nan wuri ya zama Kwanar Jumare. Da fari har daɗi abin ya yi masa. Talaka ne da ko jaki bai ajiye ba, ga shi ana ambaton sunansa a tashar Zariya.

Shekarun farko ne na mulkin kai, lokacin da mota ke bin hannun hagu. Amma hagu da dama zancen takarda ne. Titin na jar marmara ne, faɗin mota ɗaya da ɗan ragi, gefe da gefe duk gargada da cin ruwa, tsakiya kaɗai ke sumul. Kowane direba tsakiyar yake so. In biyu suka hango juna daga nesa sai a shiga gwada ƙwanji, a ga wanda zai fara sauka. A miƙaƙƙiyar hanya dai ɗaya kan ji tsoron Allah ya kauce. A kwana kuwa babu ko lokacin jin tsoron.

Shekara uku a jere aka yi taho-mu-gama a wurin. Na farko motar gyaɗa ce da motar 'yan kasuwa, mutum biyu suka tafi. Na biyu mutum huɗu. Na uku ya faɗo ranar Laraba, ranar kasuwar Makarfi, shi ne ya ɗauke Uwaisu, yana zaune bisa lodin rake. Uwaisu shi kaɗai ne ɗa namiji wurin Usmanu, Usmanu kuwa aminin Jumare ne tun suna tsirara. Wanzami ɗaya ya yi musu kaciya rana ɗaya, bukka ɗaya suka yi jinya.

Duk sau ukun Jumare ne ya fara isa, don shi ne a kusa. Shi ya janyo mutane daga ƙarƙashin katako, shi ya rufe wa matattu ido. Uwaisu kuwa a bayansa ya goyo shi, mil guda cur, ya shimfiɗe shi a zauren ubansa, rigar Jumare jage-jage da jini. Usmanu ya dubi gawar, ya dubi rigar. Dama an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Baki shi ke yanka wuya. A kasuwa aka fara da cewa Kwanar Jumare ta ci mutum. Da maganar ta sha yawo sai ta gajarce, ta koma ta Jumare ta sake ci. Kafin a share makokin Uwaisu kwanar ta faɗi daga cikin zancen, saura Jumare da ci. Sai masu lissafi suka zauna. Suka ce a duba mana, abin nan ba ya faruwa da rani, ba ya faruwa da shuka, sai lokacin da dawar mutumin nan ta yi ciki. Kuma duk ƙasar nan wa ke da dawa irin tasa? Farafara ce doguwa, baƙa ƙirin don ƙoshi, ko mutum na kan raƙumi sai ta shanye shi. Me yake ba ta? Kwalbatin da ke juye ruwan titi kaf cikin gonar yana nan a fili, jaki ma ya san shi don nan yake tsayawa shan ruwa, amma ba wanda ya ambace shi. Kalmar maye ba a taɓa faɗa a gabansa ba. Ba a buƙatar a faɗa.

A Tudun Gawo magidanta ciyayya suke yi. In an idar da magariba kowa ya fito da akushinsa rumfar ƙofar masallaci, a haɗa, a sa hannu a na kowa. Jumare da kansa yake ɗauko nasa, don 'ya'yansa mata ne biyu, ɗaya tana aure a Kudan ɗaya a Saulawa, gidan daga shi sai matarsa Fatsuma. Da fari uzuri aka riƙa kawo masa. Wannan ya ce cikinsa, wancan ya ce bai daɗe da shan fura ba. Daga baya aka daina wahalar uzurin. Tabarmar dai ita ce, amma kullum sai ya ga fili ya ƙaru tsakaninsa da na kusa da shi, har ya zama ana iya kwantar da tunkiya a wurin. A sahu ma kafaɗarsa ta manta ɗumin kafaɗar wani. Usmanu can ƙarshen tabarma yake zama, ya ba shi ƙeya.

Bai daina zuwa ba. Ya san ranar da ya zauna a gida, ranar ya amsa sunan. Sai ya buɗe akushi, ya yi bisimilla, ya ce, "Jama'a, bisimillanku," a amsa masa da "Alhamdu lillahi" ba tare da an dube shi ba. Ya ci gefensa, ya rufe, ya mayar gida. Fatsuma ta buɗe a gaban fitila ta ga tuwon an ci gefe ɗaya kamar katangar da ruwa ya doka ta gabas. Ba ta taɓa tambaya ba. Abin da ta yi shi ne ta ƙara daddawa, ta ƙara man shanu, har kazarta ta yanka wata rana ba salla ba suna, wai ko ƙamshi zai jawo hannu. Akushi ya dawo yadda ya saba. Ita ma ai ta ga matan maƙwabta sun daina shigowa ɗibar wuta.

Haka aka ci rani, aka ci bazara, damina ta huɗu ta kankama, dawa ta sake tashi.

Akwai wani tsohon suri a tsakiyar gonar, mai tsayi, inda Jumare kan hau ya sha iska in ya gaji. Wata Laraba da hantsi yana bisa surin sai ya ji kukan mota ta wajen Ikara. Ya waiga, ga ta nan tafe, cike da mutane da awaki. Ya juyo, ga wata ta fito ta wajen Makarfi da buhuna, ita ma a guje, kowacce a tsakiyar titi. Shi yana ganin su duka biyun kamar tafin hannunsa. Ya jira ya ga ɗaya ta rage gudu. Ba wadda ta rage. Nan ya tuɓe rigarsa ya shiga kaɗawa sama yana ihu, har Allah ya sa na wajen Makarfi ya hango farin abu bisa kan dawa, ya taka birki. Suka goge juna, katako ya yi ƙara, wata akuya ta faɗo, aka wuce. Direban ya leƙo ya auna masa zagin uwa, wai mahaukaci ya firgita shi.

Jumare ya sauko, ya fita titi ya tsaya daidai inda motar Ikara take sa'ad da ya fara kaɗa riga. Ya duba gaba. Babu komai sai dawa, koriya shar, ta tsaya kamar garu. Ya taka zuwa ɗaya ɓangaren ya duba. Dawa. Ya daɗe a tsaye a rana. Ashe masu lissafin nan ba su yi kuskuren wata ba, ba su yi kuskuren gona ba. Dawarsa ce ke cin mutane. Sun dai bi sawu daidai har bakin rami, sannan suka ce kura ce alhali rijiya ce.

Da yamma labari ya riga shi isa rumfa, cewa an gan shi tsirara bisa suri yana kiran motoci da riga.

Mutum ɗaya ne a wannan hanya yake shan ruwan gorarsa, shi ne Bobbo, helman leburorin titi, mutumin Kudan, wanda ke da mutum shida da mil bakwai a hannunsa. An gaya masa zancen tun tuni, ya ce shi wanda ya sha ruwan kududdufi daga Kudan har Malikanchi ba ruwan gora ne zai kashe shi ba. Kwana biyu bayan abin suri, Jumare ya same shi suna cike ramuka kusa da kwalbati.

"Helma, sannu da aiki."

"Yawwa Baba Jumare, sannu da rana. Ina gajiya? Yaya damina?"

"Damina ta yi kyau. Kyan ma ya yi yawa." Ya tsuguna. "Helma, hanyar nan taku ba ta da kunya."

Bobbo ya yi dariya har ya jingina da shebur. "Direbobin dai, Baba. Ita hanya me ta yi? Tana kwance ana taka ta, ko uffan ba ta cewa. Ai ko amarya albarka."

"Ba wannan kunyar ba. Direba ba ka iya sa masa kunya, wadda ta haife shi ma ta gwada ta bari. Ta garma nake nufi." Ya ɗauki kara ya ja layi biyu a ƙasa, ya tara ƙasa a tsakaninsu da tafin hannu. "A gona, ruwan wannan kwari yana shiga wancan?"

"Ba ya shiga."

"Me ya hana shi? Hankali gare shi?"

Bobbo ya daina dariya. Ya tsuguna shi ma, ya dubi zanen, ya dubi kwanar. "Wato mai zuwa Ikara da kwarinsa, mai zuwa Makarfi da nasa."

"Ko suna so ko ba sa so. Kuma su ga juna tun daga nesa."

"Faɗin bai kai ba, Baba. In ka ta da kunya a tsakiyar wannan, keke ma sai ya yi addu'a. Ta waje kwazazzabo ne. Sai dai a ci ta ciki, ciki kuwa gonarka ce."

"Na san gonar wa ce."

"Taku ashirin a ƙalla, tsawon kwanar duka. Abin da ya rage kuma ba a sake shuka masa abin da ya wuce gwiwa, har wajen surin can. Rabin gonar ke nan, kuma rabin mai ruwa." Ya miƙe ya karkaɗe hannu. "Sannan ni ramuka aka ce in cike. Sabon aiki sai injiniya ya zo ya gani, shi kuwa sai rani yake fitowa."

"Tsakanin yau da rani Laraba nawa ce?"

Bobbo ya ɗauki shebur ɗinsa.

Washegari da sassafe Jumare ya wasa adda. Fatsuma ta kawo masa koko gona ta tarar ya kwantar da kunya goma sha. Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Dawa ce da ciki, saura kwana arba'in a ci sabo, ruwanta na zuba daga kara kamar an yanka abu mai rai.

"Malam, dawa da ciki?"

"Da ciki."

"Ko mahaukaci ai yakan bari ta haihu. Me za mu ci?"

"Abin da mutum biyu za su ci ba shi da yawa, Fatsuma. Ai ke ke wanke akushin."

Can ta ɗaure zanenta, ta shiga tattara karan tana kaiwa gefe, don ko awaki su samu.

Kafin azahar mutane sun taru a titi, daga nesa, ba mai taka gonar. Maiwada mai unguwa ya matso har bakin lambatu ya tsaya.

"Jumare, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Abinci ne fa wannan. Tun kakanni ba a taɓa sare shi da ciki ba. In wani abu ne ya dame ka, ga malamai."

"Ranka ya daɗe, taka zuwa dutsen mil ɗin can ka juyo ka dubo nan, ka gaya mini abin da ka gani. Taku ɗari ne."

Maiwada ya dubi dutsen, ya dubi jama'a, ya gyara rawaninsa. "Allah ya sawwaƙe," in ji shi, ya juya. Taku ɗari bai fi ƙarfin ƙafarsa ba. Tsoron abin da zai gani ne ya fi ƙarfinsa, don wanda ya shekara yana gudun akushin mutum ba ya son a nuna masa cewa kara ya guda.

Kwana uku yana sara shi kaɗai. A na huɗu Bobbo ya iso da mutanensa, ya tsaya ya dubi filin, fayau, tun daga dutsen mil har gangaren Ikara. Ya ce, "Baba, ka ɗaure ni da igiyar da ba ta da ƙulli." Biyu cikin leburorin suka ce su ba sa taka wannan ƙasa. Bobbo ya ce to su je su taka ta gidan ubansu, ya tura su ramuka can gaba. Saura huɗu suka kama diga. Jumare ya ɗauko garmarsa, shi ya ja kunyar farko, tun daga inda titi ke fara karkata har inda yake miƙewa, bai sa igiya ba, bai karkace ba. Shekara arba'in yana wannan aiki. A kanta aka yi ta zuba marmara ana daɓewa, aka jera duwatsu, har ta kai cinyar mutum. Ta ciki suka share sabon kwari, suka cike, suka daɓe. Sati biyar aka yi. Ranakun farko Bobbo ya tsaya da jan ƙyalle yana nuna wa direbobi hannunsu, suna zaginsa yana ramawa.

Injiniya ya zo da rani kamar yadda aka ce, saurayi ne da ya gaji kujerar Bature. Ya fara da faɗa, wa ya ba da izini. Sannan ya taka kwanar daga wannan baki zuwa wancan, ya sa aka ja masa awo. Ya tambayi wanda ya zana. Bobbo ya nuna Jumare, yana can yana ɓarar gyaɗar da zai riƙa shukawa a wurin daga yanzu, ta wata 'yar gona da ya ara don iri.

"Baba, a ina ka ga irin wannan?"

"A gona, ɗana."

Injiniya ya yi rubutu a littafinsa, ya ce a shafa wa duwatsun farar ƙasa, a kafa allo mai kibiya a kowane baki. Ya shiga motarsa ya tafi, Jumare bai ƙara ganinsa ba.

Kakar da aka ta da kunyar ba a ɗauki gawa a kwanar ba. Damina ta zagayo, gyaɗa ta rufe ƙasa ba ta kai ƙauri ba, kaka ta sake yi, ba a ɗauka ba. Jumare kan tsaya ranar Laraba ya ga manyan motoci biyu sun shigo a tare, kowacce ta bi kwarinta, direbobin ma har hannu suke ɗaga wa juna. Rumbunsa bai cika ba, sun haɗa da rogo da rama sun kai. Ya zaci magana ta ƙare.

Wata magariba a rumfa ya ji Maiwada yana cewa, ba da ƙarfi ba, ba kuma a ɓoye ba, "Bana ma kwana ta huce."

Wani daga duhun gefe ya ce, "Ai mai abu ne ya janye hannunsa."

"To da fa? In ba shi ba ne, don me yana sare dawar abin ya tsaya cak?"

Jumare yana da loma a hannu. Ya mayar da ita cikin akushi, ya rufe. Da mutane na mutuwa, shaida ce a kansa. Da suka daina, ita ma shaida ce. Wanda ya riga ya yanke hukunci, duk abin da ka kawo masa igiya ce.

Bai fasa zuwa rumfa ba, bai kuma fasa kwanar ba. Farar ƙasar duwatsun ruwa kan wanke ta, ba wanda ya sa shi, shi ke sabunta ta. Wata la'asar da bazara yana tsugune da ƙwarya da tsumma sai ya hango mutum tafe da sanda ta wajen gari. Tafiyar ya gane tun kafin fuskar. Usmanu ne, wanda bai taka wannan hanya ba tun ranar da aka kai masa ɗansa. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Bai yi sallama ba. Ya wuce har dutsen mil ya juyo ya tsaya. Ya daɗe. Ya dawo ya bi gefen kunyar yana taɓa duwatsun da sanda, ya kai bakin Ikara, nan ma ya juyo ya tsaya. Sannan ya zo ya tsaya bisa kan Jumare.

"Daga can ina hango can."

"Ana hangowa."

"Da ba a hangowa."

"Ba a hangowa."

"Dawa ce ke nan."

"Dawa ce, Manu. Tawa ce kuwa. Wannan ban musa ba."

Rabon da wani ya kira shi Manu tun suna samari. Usmanu ya zauna bisa kunyar, farar ƙasa ta ɓata masa riga bai kula ba. Wata motar itace ta zo ta wuce ta bayansa, ƙura ta lafa.

"Da ka ɗauko shi, da sauran numfashi?"

"Har wajen tsamiyar makabarta."

"Ya yi magana?"

"Ya ce hularsa ta faɗi. Sau biyu ya faɗa. Na ce masa za a ɗauko." Jumare ya matse tsumman cikin ƙwarya. "Na dawo na nemo ta cikin dawa. Tana nan cikin tukunya, Fatsuma ta wanke."

"Shekara uku, ba ka kawo mini ba?"

"In aka ga kayan mamaci a hannuna, me za a ce na ajiye shi in yi?"

Usmanu ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana tona ƙasa da bakin sanda. Bai nemi gafara ba, shi ma Jumare bai jira ba. Da rana ta yi ja ya miƙe ya ce, "Ka taho da ita rumfa." Ya kama hanyar gari shi kaɗai, Jumare ya tsaya ya ƙarasa duwatsu bakwai da suka rage.

Bayan isha ya shigo gida ya miƙa wa Fatsuma akushi, ya zauna bakin ƙofa yana cire takalmi. Ta jawo fitila ta buɗe. An ci ta wannan gefe, an ci ta wancan, a tsakiya ga ɗan siririn tuwo a tsaye wanda kowannensu ya bar wa ɗan'uwansa.

"Hannun wa?"

"Usmanu."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai. Sauran sun tashi da wuri."

Ta daɗe tana duban akushin. Sannan ta rufe shi, ta ajiye bisa randa.

"Gobe sai in yi kuɓewa," in ji ta. "Shi ba ya son kuka."